Gyaran Shokazobar Babur A Gida: Abin Da Sabon Hannu Zai Iya, Da Abin Da Ya Kamata Ya Bari

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Sauri ranar Litinin da sassafe zai ga ayarin babura suna fita daga birnin Katsina sun nufi hanyar Shinkafi da Kaita. Da yawa daga cikin mahayan nan malaman makaranta ne, da akawunan ƙananan hukumomi, da malaman gona da na asibiti, kowa da jakarsa ɗaure a baya. Muddin suna bisa kwalta ba ka iya rarrabe lafiyayyen babur da maras lafiya. Sai an saki kwalta an ratse zuwa ƙauye, an shiga gargada da rairayi da kwazazzabon da damina ta bari, sa'an nan ne kowane babur ya ke faɗin abin da ke cikinsa.

Kwanan baya na tambayi wani aji na malamai masu ƙaro ilmi a kwalejinmu, na ce wa ke canja baƙin man injin baburinsa a kan kari? Kusan kowa ya ɗaga hannu. Na ce to, wa ya taɓa canja man da ke cikin ƙafafun gaba? Sai aka yi tsit. Can wani dattijo, wanda ya fi shekara goma yana hawan babur, ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe akwai mai a ciki?" Ban yi masa dariya ba, gama ni ma na daɗe ban sani ba. Muna kula da inji domin in ya ɓaci ya kan tsaya cak ya kunyata mu a bainar jama'a. Shokazoba kuwa ba ta mutuwa rana ɗaya. A hankali ta ke lalacewa, jikin mahayi yana sabawa da lalacewarta, har ranar da za ta kā da shi.

Yadda ta ke aiki

Kowace ƙafa ta gaban babur kamar wuƙa ce da kubenta. Akwai bututun ƙarfe mai ƙyalli a sama, yana shiga yana fita cikin kube na ƙasa wanda ke riƙe da wili. A cikinsu akwai abu biyu masu aiki dabam dabam. Na farko sifirin, watau murɗaɗɗen ƙarfen nan mai ɗaukar nauyi. Sifirin shi kaɗai ba ya da hankali: in ka danne shi sai ya rama da ƙarfin da ka danne shi, ya yi ta tsalle kamar ƙwallo. Abu na biyu shi ne mai, shi ke yi wa sifirin linzami. Duk sa'ad da ƙafar ta nutse ko ta miƙe, sai an tilasta wa man nan ya bi ta waɗansu ƙananan hudoji, jinkirin da ya ke yi wajen wucewa shi ke kashe tsallen. Wanda ya taɓa ganin ana tace ƙullu da rariya ya gane maganar. In ƙullun da kauri sai ya sauka sannu sannu, in ya tsinke sai ya zube gaba ɗaya.

Man nan kuwa yana tsinkewa. Kowace girgiza da ya kashe ta kan zama zafi a cikinsa, ga ɗan garin ƙarfe da ke gogewa yana zuba ciki, ga ƙurar hunturu da ruwan damina masu satar hanya ta bakin roba. Man da aka zuba garau sai ya koma ruwan toka mai wari.

Mutane da yawa suna tsammani amfanin shokazoba shi ne kada ƙugu ya yi ciwo. Wannan ƙaramin amfaninta ne. Babban aikinta ta danne taya ta zauna a ƙasa. Tayar da ke tsalle bisa gargada rabin lokacinta a iska ta ke, tayar da ke iska kuwa ba ta jin birki, ba ta bin inda ka juya ta. Malamin da akuya ta gifta masa a kan burji, ya kama birki babur ya ƙi tsayawa, sau da yawa ba birkin ne ya ci amanarsa ba.

Dabarar ba ta jiya ba ce. A 1935 kamfanin BMW na Jamus ya fitar da babur mai suna R12 da ƙafafun gaba irin na wuƙa da kube masu mai a ciki, yana cikin na farko da aka sayar wa jama'a da wannan tsari. A 1968 Yamaha ta Japan ta fitar da DT-1, babur mai dogayen ƙafafu wanda aka ƙera domin kwalta da daji duka. A 1973 ta fitar da AG100 domin manoma, shi da ƙanensa AG200 sun zama dokin ma'aikatan gona da na lafiya a ƙasashen Afirka da dama. Tseren nan na Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 aka gama a Janairu 1979, ya bi ta Agadas da Yamai, nan maƙwabtanmu, wani Bafaranshe Cyril Neveu ya ci shi bisa Yamaha XT500. Yawancinmu ba irin waɗannan mu ke hawa ba. Boxer ne da Jincheng da Haojue, waɗanda ƙafafunsu ba su kai na baburan daji tsawon tafiya ba, amma mun ɗora musu aikin baburan daji, har da buhun gero a baya. Saboda haka su suka fi bukatar kulawar. Sa'ar da muka yi ita ce cikin ƙafafunsu da na DT da AG kusan tsari ɗaya ne, wanda ya iya ɗaya ya iya saura.

Alamun da za a duba

Ka kama birkin gaba, ka danna kan babur da ƙarfi, ka saki. Lafiyayyar ƙafa za ta nutse, ta taso sau ɗaya, ta tsaya. In ta yi ta lilo, ko ta nutse har ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, man ya mutu ko ya zube. Sa'an nan ka shafa yatsa a jikin bututun mai ƙyalli. In ka ga zoben mai da ƙura ta manne masa, robar da ke tare mai, wadda makanikai ke kira sil, ta fara yoyo.

Kada ka yi gaggawar sayen sabon sil. Sau da yawa ƙwayar rairayi ce kurum ta maƙale a leɓensa. Ka ɗaga robar ƙura ta sama da bakin sukudireba a hankali, ka yanko ɗan siririn ɓallen roba daga gorar ruwa, ka zura shi tsakanin sil da bututu, ka zagaya da shi sau ɗaya kana jawo dattin waje. Ka goge, ka danna babur sau goma, ka sake dubawa. Na sha ganin yoyo ya tsaya da wannan kaɗai. Amma in man ya riga ya gangara ya jiƙa shu ɗin birki, to, a canja shu ɗin. Wanki ba ya fid da mai daga cikinsa, kowa ya ce maka yana fitarwa bai gwada a gangare ba.

Canja man ƙafafun gaba

Akwai wata kunya da ke damun masu ilmi a ƙasarmu, wai bai kamata a ga malam ko akawu da baƙin mai a hannu ba. Ni dai ban ga dalilinta ba. Aikin nan rabinsa awo ne da rubutu da bin umurnin littafi daki daki, wa ya fi malami da akawu iya waɗannan? Ƙungiyar Riders for Health, wadda aka kafa a Ingila ta yi aiki a ƙasashen Afirka da dama, a kan wannan ta gina aikinta: ta koya wa ma'aikatan lafiya su riƙa duba baburansu da kansu kullum kafin su hau, maimakon a jira sai sun lalace. Ba cewa na ke a daina zuwa wurin makanike ba. Amma na taɓa kai nawa wani wuri, aka cika ƙafa ɗaya da tsohon baƙin man inji, ɗayar aka zuba mata rabi, ba awo ba kome. Na yi wata uku ina zargin taya.

Kayan aikin ba su da yawa: sifanu daidai da notunan baburinka, da alanki, da sukudireba, da filaya, da kananzir, da tsumma mai tsabta, da tire na ajiye ƙananan abubuwa, da rula, da babban sirinji irin na dabbobi da ɗan siririn tiyo a bakinsa. Sai man kansa. Akwai man da aka yi musamman domin ƙafafun babur, ana rubuta kaurinsa a jikin gora, 5W ko 10W ko 15W, ƙaramar lamba ita ce mai tsinkewa. Ƙananan babura da yawa 10W su ke so, waɗansu littattafan kuma sun yarda da jan man giyar mota mai canja giya da kanta. Abin da littafin baburinka ya ce shi za ka bi, da irin man da yawansa, gama kowane ƙira da nasa awon.

Ka zaɓi ranar da ba ka da gaggawa, da wuri mai inuwa wanda iska ba ta kwaso ƙura. Ka shimfiɗa tabarma ko buhu. Ka kafa babur bisa jak ɗinsa na tsakiya, ka sa turmi ko guntun itace ƙarƙashin inji har wilin gaba ya bar ƙasa, ka girgiza shi ka tabbata ba zai faɗi ba. Yara su yi nisa.

Ga wurin da sabon hannu ya kan yi kuskuren farko. Kafin ka zare ƙafar daga jikin babur, ka sassauta murfinta na sama tukuna, rabin juyi kaɗai, tun tana riƙe a maƙallinta. In akwai ƙusar da ke matse bututun a maƙalli na sama, ita za ka fara sassautawa, domin tana shaƙe murfin. In ka zare ƙafar kafin ka yi haka, za ka ga bututun yana juyawa tare da sifana, ba inda za ka riƙe shi, sai ka kai ga kama shi da filaya, ka yi masa tabon da zai riƙa yanka sil har abada. Haka kuma in kana nufin canja sil, ka sassauta ƙusar alanki da ke can ƙarƙashin kube tun sifirin yana ciki, gama ƙarfinsa ne ke hana sandar ciki juyawa.

Sa'an nan ka cire wili da birki da madogadi, ka sassauta maƙalli na ƙasa, ka zaro ƙafa ɗaya. Ɗaya kurum. Ka gama da ita ka mayar kafin ka taɓa ɗayar, domin in ka rikice kana da abin dubawa.

Wajen kwance murfi ka danne shi da tafin hannu, ka kau da fuskarka daga saitinsa. Ran da na fara wannan aiki ban san haka ba. Da zaren ƙarshe ya saki sai murfin ya tashi kamar an harba shi da gwafa, ya wuce ta gefen kunnena, ya faɗa cikin rairayin tsakar gida. Ni da yara muka yi ta tankaɗe ƙasa har la'asar. Da ya sami ido, da labarin ya sha bamban.

Ka zaro abin da ke ciki, ka jera su a tire bi da bi yadda suka fito. Ka lura da sifirin: waɗansu murɗinsu ya fi matsuwa a gefe ɗaya, ka rubuta gefen da ke sama. Ka auna tsawonsa da rula ka gwada da abin da littafi ya ce, in ya gajarce ya wuce iyaka ya gaji, a canja na ƙafafun duka biyu. Ka kifa ƙafar cikin kwano, ka riƙa tura bututun yana shiga yana fita har man ya daina ɗiga. Ka zuba ɗan kananzir ka kurkure, ka bar ta a kife ta tsane sarai, sa'an nan ka kurkure da ɗan sabon mai ka zubar.

Canja sil ya fi wannan ɗan wuya, amma ba gagara ba ne. Bayan an cire ƙusar ƙasa da robar ƙura, akwai wani zoben waya da ke tsare sil, a fid da shi da bakin sukudireba. A waɗansu babura sai an fizgi bututun da ƙarfi sau uku ko huɗu sa'an nan ya fito da sil ɗin, a waɗansu kuwa bututun ya kan zare salin alin, a ɓanɓaro sil daga baya. Tun da bututun yana hannunka, ka mirgina shi bisa gilashi ko wani abu mai shafaffen bisa. In yana ɗingishi ya lanƙwashe, ba kuwa abin da za ka miƙe a gida ba ne. Ka bi jikinsa da farce, in ka ji ƙurajen tsatsa ka goge kaifinsu da samfefa mafi laushi da ɗan mai. Sabon sil gefen da ke da rubutu shi ke kallon sama, leɓen da ke da ɗan siririn sifirin yana kallon mai. Ka shafa masa mai, ka rufe bakin bututu da leda kafin ka zura shi don kada kaifin ƙarfe ya yanke shi, ka buga shi ya zauna da guntun bututun roba irin na famfo wanda ya yi daidai da faɗinsa. Kada guduma ko sukudireba su taɓa shi kai tsaye. In ramin zoben waya ya bayyana duka kewaye, sil ya zauna. Ƙusar ƙasa tana da 'yar washa ta jan ƙarfe, gara a sa sabuwa.

Yanzu sai awo, nan ne aikin ya ke. Ka tsai da ƙafar tsaye, ba sifirin a ciki, ka zuba man da littafi ya faɗa. Ka ja bututun sama da ƙasa sannu sannu kamar sau goma har kumfa ya daina tasowa, ka bar ta ta huta minti kaɗan. In littafinka ya ba da awon zurfi, ka tura bututun har ƙasa, ka auna daga bakinsa zuwa fuskar mai, ka zuƙe rarar da sirinji. Wannan awon ya fi na kwalba gaskiya, domin kullum akwai tsohon man da ya maƙale a ciki. Kada a ce bari a ƙara kaɗan don alheri. Iskar da ke saman mai ita ma sifirin ce, in mai ya yi yawa sai ƙafar ta sandare, matsi ya tura sil. Abin da ba makawa shi ne ƙafafun biyu su zama daidai da juna.

Ka mai da sifirin, ka fara ɗaura murfi da yatsu kafin sifana, gama zarensa siriri ne, ba wuya ya hau karkace. Wajen mayarwa ka tabbata bututun biyu tsayinsu ɗaya a maƙalli. In ka sa wili, ka sauke babur ka danna kansa sau biyar ko shida kafin ka ƙarasa ɗaure ƙusoshin da ke matse aksul, don ƙafafun su sami mazauninsu. A ganina sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar damina, ya isa ga mai bin hanyar ƙauye kullum. In baburinka ba shi da robar nan mai kama da zugazugi da ke rufe bututu, ka saya ka sa. A ƙasar hunturu ba abin da ya fi ta tsawaita ran sil.

Na baya

A nan zan taƙaita, domin abin da ya kamata sabon hannu ya yi kaɗan ne. Babura masu shokazoba biyu a baya yawancinsu a rufe aka ƙera su, ba a buɗewa. In ɗaya ta yi yoyo a canja duka biyu. Baburan daji na zamani kuwa guda ɗaya gare su a tsakiya, tsarin da ya yi suna tun 1973 sa'ad da Håkan Andersson na Suwidin ya ci gasar duniya da shi bisa Yamaha. Irin wannan akwai iskar naitirojin a matse cikinta, ƙarfinta ya kai kamar ninki huɗu ko biyar na iskar tayar mota. Kada ka kwance ta, kada ka huda ta, kada ka kai ta kusa da wuta ko wurin mai walda. Wannan aikin masu kayan aikinsa ne.

Naka shi ne ka ɗaga wilin baya, ka kama hannun ƙarfen da ke riƙe da shi, ka girgiza hagu da dama. In yana wasa, bushin ɗinsa ya cinye. Ka duba robobin da ke idon shokazoba sama da ƙasa. Inda duk akwai mahaɗa mai juyawa a wanke a sa giris, musamman bayan an ratsa ruwa.

Saura daidaita babur da nauyin mai shi, abin da kusan ba wanda ke yi. Ka ɗaga baya har wili ya rataya, ka auna daga aksul zuwa wata alama a madogadi, ka rubuta. Ka sauke, ka hau da kayan da ka saba ɗauka, wani ya sake aunawa. Bambancin ya kamata ya zama kamar sulusin dukan tafiyar da wilin ke iya yi. A manyan baburan tsere, masu tafiyar kamar milimita 300, ana neman kamar milimita 100, watau inci 4. A ƙananan namu bai kai haka ba, amma ƙa'idar sulusi tana nan. A gindin sifirin na baya akwai zobe mai matakala, galibi hawa biyar, a waɗansu kuma noti biyu ne masu zare. In babur ya zauna da yawa a ƙara matse sifirin, in ya ƙi zama a sassauta, a kuma sa ɓangarorin biyu a mataki ɗaya. Mai ɗaukar uwargida ran Juma'a, ya ɗauki buhu ran kasuwa, ya kamata ya san matakinsa na kowace rana.

Tsohon man da ka zubar a kwano kada ya shiga kwata ko ya kusanci rijiya, ka ɗura shi a gora ka kai wa masu tara baƙin mai. Ka rubuta ranar da irin man da awonsa a bangon littafin babur. Hawan farko ka yi shi sannu a cikin unguwa, kana gwada birki, kafin ka fita ƙofa. In ka dawo daga tafiyar farko ta ƙauye, ka sake bin ƙusoshin nan ɗaya ɗaya da sifana, ka shafa yatsa a jikin bututu ka ga ko ya fito a bushe.